An ga wani abu a hoton ƙwaƙwalwa: ƙari ne, tabo ne, ko ba komai ba ne?

Mutum ya daɗe yana fama da ciwon kai, wata rana kuma ya yanke jiki ya faɗi, ko hankalinsa ya ɗauke na ɗan lokaci. Aka kai shi hoton ƙwaƙwalwa, takardar sakamako ta fito da cewa an ga wani ɗigo ko ƙullutu da ba a tantance ko mene ne ba. Shin abin da aka gani shi ne ya jawo ciwon kan da faɗuwar? Kuma me ya sa likita, maimakon ya ce a yi aiki, sai ya ce a dawo bayan wata uku a sake hoto?

Tambayar ta zama ruwan dare tun da wuraren ɗaukar hoto masu zaman kansu suka yawaita a manyan biranenmu. Ba wuya ka ci karo da takardar sakamako tana yawo a WhatsApp ana cigiyar mai fassarawa, wani lokaci ma har an fara neman taimakon kuɗin fita Indiya ko Masar. Dangi sun ji an ce "an ga abu a kai", sun yanke hukuncin ƙari ne, ƙari kuwa a wurinsu kansa ce. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Tambayoyi uku ne aka cure wuri guda: mene ne abin da hoton ya nuna, shin faɗuwar farfaɗiya ce, sannan daga ina ciwon kan yake. Kowace da hanyar amsa ta, kuma yana yiwuwa babu abin da ya haɗa ukun.

Abin da kowace na'ura take iya gani

Hoton CT shi aka fi samu, shi ne kuma mai sauri, cikin 'yan mintuna an gama. A 1971 aka fara ɗaukar kan majinyaci da shi a Landan. Gwani ne wajen nuna jinin da ya zuba, karayar ƙashin kai, da wurin da ya daskare ya yi tauri kamar alli. Amma ƙananan abubuwa cikin naman ƙwaƙwalwa suna kuɓuce masa. MRI da maganaɗisu yake aiki, ba ya amfani da hasken X-ray da CT ke amfani da shi, yana ɗaukar rabin awa ko fiye, kuma ya fi fito da naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla.

Sai dai MRI suna suka tara. Ana auna ƙarfin na'urar da ma'aunin tesla, kuma abin da mai tesla 1.5 ko 3 za ta gani, mai ƙasa da tesla ɗaya ba lallai ta gan shi da kyau ba. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, yawancinsu kuma masu ƙaramin ƙarfi ne. An samu ƙari tun daga lokacin, amma har yanzu tambayar ƙarfin na'ura kafin a biya kuɗi ba ƙauyanci ba ne. Akwai kuma allurar da ake yi ta jijiya don ta haska wurin da ake zargi. Hoton da aka ɗauka babu ita yakan bar tambaya a buɗe, shi ya sa za ka ji likita ya ce a koma a sake da allura, bayan an duba lafiyar ƙoda.

EEG kuma wani abu ne daban. Wayoyi ake liƙawa a fatar kai a naɗi motsin lantarkin ƙwaƙwalwa na kamar minti 20 zuwa 30. CT da MRI hoton ginin gida suke ɗauka, su nuna bango da tsagewarsa. EEG kuwa wutar gidan yake saurare, ita kuma farfaɗiya matsalar wuta ce. Don haka mutum zai iya samun farfaɗiya hotonsa tsaf, wani kuma hotonsa da tabo bai taɓa faɗuwa ba.

Me ya sa takardar take kwana-kwana

Likitan da ke karanta hoto galibi bai ga majinyacin ba. Abin da ke gabansa inuwa ce fari da baƙi, da layi ɗaya da aka rubuto masa, wataƙila "ciwon kai" kawai. Inuwa iri ɗaya kuma cututtuka da dama ke iya yin ta. Saboda haka yakan jero abubuwa biyu ko uku da suke iya zama, ya rufe da cewa a haɗa sakamakon da binciken asibiti. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin zillewa. A gaskiya iyakar abin da hoto zai iya faɗa ke nan.

Ga wani abu da ba kasafai ake gaya wa mutane ba: ƙwaƙwalwar masu lafiya ma ba ta rasa ɗigo. A 2007 aka buga sakamakon wani bincike daga birnin Rotadam na ƙasar Holan, inda aka yi wa mutum 2,000 MRI, 'yan shekara 45 zuwa sama, mutanen gari da ba ciwo ne ya kai su ba. An tarar da kashi 7 cikin 100 suna da tabon toshewar jijiyar jini da ba su san sun yi ba. Kusan kashi 2 suna da kumburin jijiyar jini, sama da kashi ɗaya da rabi kuma suna ɗauke da ƙari marar kansa, yawanci na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Duk suna harkokinsu lafiya lau. Fararen ɗige-ɗigen da ake yawan rubutawa a sakamakon MRI kuwa, sun zama kamar furfura ga masu hawan jini, masu ciwon suga da waɗanda shekaru suka ja, ana kuma ganinsu ga masu ciwon ɓarin kai. Haka nan akwai 'yar jakar ruwa da ake haifar wasu da ita, su tsufa ba ta taɓa damunsu ba.

A yankinmu jerin abin zargi daban ne

Wanda ya shiga intanet da kalmomin takardarsa, bayanan Turai da Amurka zai fi cin karo da su, inda ƙullutu a ƙwaƙwalwar babba ke sa a fara tunanin kansa. A nan kuwa, musamman ga matashi, ƙwayoyin cuta ne kan gaba.

Na farko tarin fuka. Ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Ƙwayar cutar tana bin jini ta je ƙwaƙwalwa ta yi dunƙule, wanda idan aka yi allurar haskawa yakan fito kamar zobe, da kumburi kewaye da shi. Mai shi yana iya zama ba ya tari ko kaɗan. Da magani ake warkar da shi, ba da wuƙa ba a mafi yawan lokuta, sai dai maganin yana ɗaukar wata tara zuwa shekara, wani lokaci fiye. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa zai tambayi ko akwai mai tari a gida, ko ana zufar dare da rama, ya kuma tura hoton ƙirji alhali kai ne ke ciwo.

Na biyu shi ne wanda mutane suka fi musantawa: ƙwan tsilar alade. Da an ambace shi sai ka ji an ce, "Mu da ba ma cin alade?" Cin naman shi ke sa tsilar ta zauna a hanji. Amma abin da ke kai ta ƙwaƙwalwa haɗiye ƙwanta ne, ƙwan kuma daga bayan gidan mutumin da ke ɗauke da tsilar yake fitowa, ya shiga ruwa, ko ganyen da aka yi ban-ruwa da gurɓataccen ruwa, ko abincin da hannu marar wanki ya taɓa. A farkon shekarun 1990 an samu wannan cuta cikin wasu iyalan Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin Niyok, mutanen da alade haramun ne a wurinsu, aka bi sawu aka tarar masu aikin gida da suka zo daga Latin Amurka ne ke ɗauke da tsilar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da dama da cutar ta yi katutu, ita ke jawo kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Ba a ce haka adadin yake a Kano ko Maraɗi ba, amma wanda ya zauna ko yake fatauci a inda ake kiwon aladu ya kamata ya faɗa wa likita. Idan tsutsar ta mutu takan bar ɗan ɗigo mai tauri, wanda CT ya fi MRI ganinsa, kuma ɗigon yana iya tayar da farfaɗiya bayan shekaru.

Abin sha'awa, Indiyar da ake rububin zuwa ita ta koya wa duniya haƙuri a kan wannan. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, likitocin tiyata a garin Vellore sun riƙa ciro irin waɗannan ƙananan ƙullutai, waɗanda ba su kai santimita biyu ba, daga kan masu farfaɗiya, suka tarar yawancinsu ba tarin fuka ba ne, ba kuma kansa ba, tsutsar nan ce da ke mutuwa. Daga nan aka gane cewa da yawa suna ɓacewa da kansu cikin watanni, maganin farfaɗiya da sake hoto sun wadatar.

Sai kuma tabon abin da ya wuce. Faɗuwa daga babur shekaru biyar baya, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa a yarinta, wahalar haihuwa, duk suna barin alama. Waɗanda suka rayu daga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe sama da mutum dubu 11 a Najeriya, yau magidanta ne. Masu sikila kuma suna samun toshewar ƙananan jijiyoyi tun suna yara ba tare da an lura ba. Ga mai cutar HIV da garkuwarsa ta yi ƙasa, akwai wata ƙwayar cuta da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, ita ma zobe take yi a hoto. Don haka idan an nemi gwajin HIV, ba zargi ba ne, sakamakon ne ke sauya maganin gaba ɗaya.

Kansa tana nan cikin jerin, ba a ce babu ita ba. Ana ƙara zarginta idan shekaru sun ja, ko ƙullutun babba ne yana ture abin da ke gefensa, ko mutum yana da kansa a wani wuri kamar mama ko huhu.

Farfaɗiya ce ko suma?

A nan ne ake yawan yin sakaci, domin babu na'urar da ta kai bakin wanda ya ga faɗuwar. Majinyacin bai san abin da ya faru ba. Matarsa, ko abokin zamansa a shago, shi ne shaida, kuma shi ya kamata ya raka shi asibiti.

Mai suma yawanci yana tsaye ne, cikin zafi ko cunkoso ko yunwa. Yana jin jiri, gumi ya keto masa, ido ya yi duhu, sannan ya sulale. Yana iya ɗan fizga na 'yan daƙiƙu, abin da ke ruɗa mutane, amma da ya kwanta sai ya farfaɗo ya gane kowa. Babbar farfaɗiya kuwa, jiki ne ke sandarewa, sannan jijjiga ta biyo baya na minti ɗaya zuwa biyu, sau da yawa a ciji gefen harshe, bayan ta lafa kuma mutum ya daɗe a ruɗe, ga barci, ga ciwon jiki da na kai.

Akwai kuma wadda ba a faɗuwa, ita ce aka fi kaiwa wurin masu ruƙiyya. Mace tana cikin magana sai ta yi tsit, ido a kafe, tana lasar leɓe ko tauna, hannunta yana murza bakin zani. Ka kira sunanta ba ta amsawa. Bayan minti ɗaya ko biyu ta dawo tana tambayar me aka ce. Idan ka bincike ta za ta ce kafin abin ya zo takan ji wani abu ya taso mata daga ciki zuwa ƙirji, ko warin roba mai ƙonewa da babu wanda ya ji, ko wani tsoro marar dalili. Wannan farfaɗiya ce da ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa, kuma irinta ce ke da amfani wajen fassara hoto. Idan jijjiga tana farawa daga hannun dama, ɗigon kuma yana ɓarin hagu a daidai wurin da ke sarrafa hannu, to an sami alaƙa. Idan ɗigon yana can wani lungu da ba ya tayar da farfaɗiya, mai yiwuwa ɗan kallo ne.

Wayar hannu ta kawo sauƙi a nan. Bidiyon minti ɗaya, wanda ya nuna fuska da hannuwa, yakan amfani likita fiye da hoton da aka kashe dubbai a kai. Mutum ɗaya ya kula da majinyaci, wani ya ɗauka, kuma don likita aka ɗauka, ba don a tura wa dangi ba.

EEG na farko yakan fito lafiya ga kusan rabin masu farfaɗiyar gaske, domin cikin rabin awar nan ƙwaƙwalwar ba ta yi komai ba. Akan sake shi bayan an hana mutum barci. Faɗuwa ɗaya kuma ba lallai ta mayar da mutum mai farfaɗiya ba. Kusan mutum ɗaya cikin goma zai yi jijjiga sau ɗaya a rayuwarsa. Saukar suga, jijjigar masu ciki, zazzaɓi mai zafi ga yara, duk suna kawo ta. Haka tramadol, wanda matasa ke haɗiya mai lamba 225, kuma ɓoye wa likita shansa na iya sa a ɗora wa wani ɗigo laifin da ba nasa ba. A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta fitar a 2014, ana cewa farfaɗiya ce idan an yi jijjiga biyu babu wani dalili na nan take, da tazarar fiye da awa 24, ko kuma guda ɗaya idan yiwuwar sake ta cikin shekara goma ta kai kashi 60 cikin 100. Tabon da ya dace da irin faɗuwar na iya kai mutum wannan mataki, shi ya sa wani ake ɗora shi kan magani tun daga faɗuwar farko, wani kuma a ce ya dakata.

Akwai faɗuwar da damuwa da firgici ke jawowa, lantarkin ƙwaƙwalwa lafiya lau. Ba ƙarya mai ita take yi ba, amma maganin farfaɗiya ba ya yi mata aiki. Zuciya ma tana kayar da mutum, don haka duk wanda ya faɗi karon farko ya kamata a yi masa gwajin bugun zuciya.

Ciwon kan fa?

Mafi yawan ciwon kai na ɓarin kai ne ko na gajiya da ɗaurewar wuya, kuma galibi ƙaramin ɗigo ba ya sa ciwon kai. Wani ma maganin ne ke ciyar da ciwon: wanda ke shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a wata, na tsawon watanni, maganin da kansa yana mayar da ciwon na kullum.

Wanda ba a kwana da shi a gida shi ne wanda ya sauko farat ɗaya ya kai maƙura cikin minti guda, ko mai tashin mutum da asuba da amai, ko mai ƙaruwa idan an yi tari ko sujada. Haka idan ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, raunin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, gani biyu-biyu, ko sauyin hali. Sabon ciwon kai ga wanda ya haura 50, da mai ciki, da mai jego, shi ma na gaggawa ne. Akwai gwaji mai arha da ake mantawa da shi: likita ya haska cikin ido ya duba ko jijiyar gani ta kumbura, alamar matsi ya ƙaru cikin kai.

Jira ko aiki: inda ake samun saɓani

Dangi suna ganin jira sakaci ne, ko dai don ba su da wani babba a asibitin. Hujjarsu ba ta banza ba ce, domin akwai waɗanda aka ce su dawo, kuɗin hoto na biyu ya gagara, ba a sake ganinsu ba sai da abu ya yi nisa. Likita kuma yana auna wani abu daban. Tsaga kai don ɗebo ɗan nama a gwada yana da haɗarin zubar jini da shanyewar wani sashe, lokaci kuwa gwaji ne da ba ya zubar da jini: tabo ba ya girma, tsutsa mai mutuwa tana ƙanƙancewa, dunƙulen tarin fuka yana amsa magani, ƙari mai haɗari kuma yana nuna kansa. Su kansu likitocin sukan saɓa, wani ya ce a fara maganin tarin fuka a gani, wani ya ce kada a ɗora wa hantar mutum maganin shekara kan zato.

A ganina jira yana da ma'ana ne kawai idan yana da rana. Kafin a bar ofishin likita a san watan da za a sake hoton, irin hoton, da alamun da za su sa a dawo kafin lokacin. A kuma karɓi faifan hoton, ba takarda kaɗai ba, domin da tsohon ake gwada sabon. Neman ra'ayin likita na biyu ba cin fuska ba ne, kuma akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato mai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, kafin a kai ga sayar da gona don tikitin jirgi.

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ce a ajiye ƙwayoyin asibiti tukuna, domin yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Haka sayen maganin tsutsa a kemis don an ji labarin tsila: kashe ta cikin ƙwaƙwalwa yana tayar da kumburi, shi ya sa likita ke haɗa shi da maganin kumburi, kuma ɗigon da ya riga ya daskare ba ya buƙatarsa.

Zaman gida kafin amsa ta fito

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace. Magungunan sanannu ne, irin su carbamazepine, phenobarbital, valproate da levetiracetam. Macen da ke iya ɗaukar ciki ta yi maganar valproate da likita tun kafin ta fara, domin kusan jariri ɗaya cikin goma da aka yi cikinsa ana shan sa yakan zo da nakasa. Carbamazepine kuma yana raunana ƙwayoyin tsarin iyali. Mai niyyar azumi ya je a daidaita masa lokutan sha da sahur da buɗa-baki tun cikin Sha'aban, ya kuma san cewa rashin barci yana tayar da ciwon.

Kafin a tantance, a bar tuƙin mota da babur. A Ingila doka ce, aƙalla wata shida bayan faɗuwa ɗaya, shekara guda babu faɗuwa ga mai farfaɗiya. Ga ɗan acaɓa ko direban da abincin gidansa ke kan sitiyari wannan magana ce mai nauyi, kuma a nan ne taimakon dangi ya fi amfani. A nisanci bakin rijiya, wanka a rafi, hawa gini, da girki a murhu babu kowa kusa.

Idan jijjiga ta zo, a janye abin da zai ji wa majinyacin rauni, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi kan gefensa, a duba agogo. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, kada a danne shi ko a yi masa hayaƙi. Kumfar bakinsa ba ta sa wa kowa ciwon. Idan ta wuce minti biyar, ko wata ta biyo baya bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, a nemi mota zuwa asibiti nan take.